Ƙudan da Ke Cikin Gitar Akoli

Ni mai shayi ne, sunana Fatahu, daga Damagaram na zo, kuma teburina jingine yake da bangon shagon Baba Khalidu a Akokan, nan gefen Arlit, tun kafin a rufe ramin uraniyom. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba. Na san tarinsa, na san shayin da yake so, mai ɗaci har ya murɗe harshe, na kuma san ranar da bai kamata a yi masa magana ba.

Ba'adare ne, mutumin ƙasar Tawa. A bayan kamyon albasa ya shigo Arlit yana saurayi, ya sami aiki a rami, makanisiyan, yana ɗaure injuna a ƙarƙashin ƙasa har gemunsa ya yi fari. Gyaran gita kuwa ba gadonsa ba ne, kuma har yau waƙa ɗaya bai iya kaɗawa ba. Wasu samarin Abzinawa ne da suka dawo daga Libiya suka ji an ce akwai mai kile iri-iri, wato sifanar ɗaure noti, a unguwa, suka kawo masa gitar da wuyanta ya lanƙwashe. A cikin wuyan gita akwai wata siririyar sandar ƙarfe da ake juyawa don a miƙe shi. Baba Khalidu ya sa kile ya ɗaure ta yadda ake ɗaure noti a rami, wato sai ta ƙi motsi, ya kuma ƙara mata. Sandar ta ce ɗas, ta karye a ciki. Ya sha ba ni labarin nan, kuma bai taɓa dariya a kansa ba. Ya ce a rami in ka bar noti sako-sako ka kashe mutum, a gita kuma in ka ɗaure har ƙarshe ka kashe ta, kuma shekaru ya yi kafin hannunsa ya yarda da haka.

Da ya bar aiki sai ya buɗe shagon nan. Aiki bai yanke masa ba, domin garin nan ba ya ƙaunar itace. Gita za ta zo daga Kotonu ko Lome da danshin teku a jikinta, ta kwana biyu a nan, bushewa ta tsotse ta, wuya ya karkace, tsirkiyoyi su tashi sama. Masu kiɗan biki daga Arlit, daga Agadas, har daga Iferwan, duk nan suke zuwa. Yana gyara yana zaginsu, suna shan shayina suna dariya.

Bayan shagon akwai gidan Fadimata, Ba'abzina, mai sayar da cukun da danginta ke aiko mata daga Gougaram. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗa ɗaya ya bar mata, Akoli. Akoli yana da wata tsohuwar jar gita ta lantarki da ɗan ampili, akwatin ƙara sauti, mai batir. Ba ya kiɗan biki, ba ya son a ɗauke shi a salula. In ya taso daga aikin gadi, bayan la'asar, sai ya zauna a tsakar gida ya yi ta kaɗa wani kiɗa nasa guda, uwar tana cikin madafa, mu kuma muna ji ta kan katanga.

Gitar nan ita ce ciwon kan Baba Khalidu. A wuyan gita akwai ƙananan ƙarafa jere a gicciye, shi matakai yake ce musu. Ta Akoli ta taɓa faɗuwa daga kan moto, mataki na bakwai ya ɗan ɗago. Ga shi kuma tsirkiya ta uku ta tsinke, yaron ya zaro silin wayar birkin keke ya ɗaura. To duk sanda yatsansa ya zo kusa da wurin nan sai gitar ta yi wani ɗan kuka, kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Kuma don neman magana, kiɗan nasa a nan yake ta komawa. Baba Khalidu sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce a kawo masa gitar nan ya kashe ƙudan nan, kyauta, don Allah, don Annabi. Akoli ya yi dariya ya ce gobe. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har abin ya zama gaisuwarsu.

Sai aka rufe rami. Wanda bai ga Akokan a lokacin ba, ba zai gane ba. Kullum kamyo a ƙofar wani gida, ana ɗora katifu da tukwane. Wasu har ƙyauren ɗaki suka ɓalle suka tafi da shi. Aikin gadin Akoli ya ƙare tare da na kowa, ya zauna ya gaji, ya ce zai tafi Tchibarakaten haƙar zinariya kamar sauran samari. Ranar tafiya ya biyo ta shago da gitar a kafaɗa. Baba Khalidu ya kama wuyanta ya ce ya bar ta a nan, zafin can zai narkar da ita, kafin ya dawo ya tarar an kashe ƙudan. Akoli ya janye abarsa.

"In na dawo, Baba. Wallahi in na dawo na ba ka."

Bai dawo ba. Rami ya rufta da su, shi da wasu, aka yi haƙa aka gaji, a bakin ramin aka yi musu salla. Salularsa tana aljihunsa. Hamadi direba, abokinsa tun suna yara, wanda ke kai ruwa can, shi ya kawo labarin, ya kuma kawo gitar naɗe a bargo. Abin da ya rage na Akoli a bayan ƙasa ke nan, sai wani takalmi.

Da aka watse zaman makoki, wata safiya sai ga Fadimata ta zagayo da bargon a rungume. Ban taɓa ganin ta taka shagon ba sai ranar. Baba Khalidu ya warware bargon a kan tebur, ni ma na matso. Kai, gitar ta sha wuya. Wata da watanni tana cikin tanti a rana, wuya ya lanƙwashe, tsirkiyoyi sun yi sama har yatsa na shiga ƙarƙashinsu. Ba mai iya danna su. Fadimata ta yi magana da Hausarta ta mutanen Abzin, wadda komai namiji ne a cikinta.

"Malam Khalidu, ba ni da kabari da zan je. Hamadi ya iya kiɗan nan nasa. Ina so in ji shi sau ɗaya, yadda nake ji daga madafa. Daga nan in koma wurin dangina."

Ya ce ta bar masa ita.

Duk sauran aikin da ke shagon ya ture shi gefe. Wani mai kiɗan biki ya zo karɓar tasa, aka ce ya je ya dawo, ya yi ta masifa, Baba Khalidu ko kallonsa bai yi ba. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya ɗaga gitar ya kanne ido yana duban wuyan daga kai zuwa gindi, kamar mai duba gora. Ya sa ɗan kilensa a kan sandar ciki, ya juya kaɗan, abin da bai kai a ce an juya ba, ya cire, ya rataye gitar. Na ce shi ke nan aikin yau? Ya ce ni ɗan Damagaram mi na sani ban da tafasa ruwa, itace sai an bar shi ya kwana da abin da aka faɗa masa.

Haka muka yi ta yi. Da safe ya sauko da ita, ya danne tsirkiya a matakin farko da na ƙarshe, ya zura katin salula a tsakiya ya ga ko ya shige da ƙyar ko da sauƙi, ya juya kile kaɗan, ya rataye. A tsakani kuma sai hira, irin wadda ta rage mana. Famfo ya kwana uku bai kawo ba, ko ya fi. Akuyar maƙwabta ta cinye kwalin sikarina, na rantse sai na yanka ta, ya ce in na yanka kwali zan ci. Gwiwar matarsa 'Yargata ta sake kumbura, tana cewa su koma Tawa, shi kuma yana cewa wa ya sani a Tawa yanzu in ba kaburbura ba. Wane da suka yi aiki tare a rami an kai shi gidan likita a Agadas, tari, an ce ba ya gane mutane. Wane kuma ya sayar da gidansa da abin da bai kai a faɗa ba. Yana jin wannan sai ya yi nasa tarin, ya tofar, ya ce in zuba masa wani. Ba wanda yake kawo labari mai daɗi wurin teburina, ni ma na daina tambaya.

Da wuya ya miƙe sai ya koma kan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin gita, kowace da ɗan mazauninta mai noti. Wannan aikin ya fi so, kuma nan ne yake hana ni kaɗa cokali a kofi. Zai kaɗa tsirkiya a sake, ya saurara, ya danne ta a mataki na goma sha biyu, ya sake kaɗawa. Ya ce amon nan biyu uwa da ɗiya ne, dole su yi kama, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. In ɗiyar ta haye sama da wurinta, sai ya sa turnabis, wato sukudireba, ya ja mazaunin baya, in ta kasa kaiwa ya turo shi gaba. Na Akoli kusan duk a karkace suke, don yaron bai taɓa barin kowa ya taɓa su ba. Baba Khalidu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni. Wayar birkin nan kuwa ta ƙi daidaituwa ko ta wane hali, ya cire ta ya jefa a kwandon shara, ya ɗauko sabuwar tsirkiya da ya daɗe yana ɓoyo a gwangwani ya ɗaura.

Saura mataki na bakwai. Ranar Hamadi yana nan, yana zaune a bencina. Baba Khalidu ya kwantar da gitar, ya daɗe yana shafa ɗan ƙarfen nan da babban yatsa. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba.

"Ka ce in ka komo. To, ga ta ta komo."

Ya sa ɗan guduma ya buga shi ya zauna, ya ɗauko magagari ya goge kansa har ya yi daidai da 'yan'uwansa. Garin ƙarfen ya zubo a kan bargon, rawaya-rawaya, ya hure shi. Ya goge gitar da tsumma tun daga kai har gindi, a hankali, yadda ake wa mamaci wanka. Ya ce da mu yaron nan bai taɓa jin muryar gitarsa ta gaskiya ba, uwarsa za ta ji a madadinsa. Hamadi ya karɓa ya bi wuyan da yatsu sama da ƙasa, ya ce bai taɓa riƙe gita mai laushi haka ba. Amo tas, babu ƙuda ko ɗaya. Ranar ce kaɗai na ga Baba Khalidu ya sha shayi da sikari da yawa.

Bayan la'asar muka zagaya gidan, mu uku. Fadimata ta shimfiɗa wa Hamadi tabarma daidai inda Akoli ke zama, gindin katanga, ta ajiye masa ɗan ampilin. Ita kuma ta ce ba za ta zauna a gabansa ba, ta shige madafa ta saki labule, don daga can ta saba ji. Ni da Baba Khalidu muka tsaya a bakin ƙofa.

Hamadi ya fara. Gaskiya ya iya, kiɗan Akoli ne sak, da saurinsa da inda yake ja baya. Na dubi Baba Khalidu na ga ya rufe ido, leɓensa na motsi. Kiɗan ya hau, ya zo wurin nan da yake ta komawa, ya wuce sumul, ya dawo ya sake wucewa sumul. Hamadi ya kai ƙarshe ya tsaya. Madafa shiru. Ya sake farawa daga farko, bai kai rabi ba labule ya ɗaga.

Idonta a bushe yake. Ta tsaya tana duban gitar.

"Akwai wani wuri da yake shaƙewa," in ji ta. "Kamar mai mura. Nan nake jira. In na ji shi na san ya dawo gida."

Hamadi ya kira ta Anna, yadda Abzinawa ke kiran uwa, ya ce wannan ai lahani ne, yanzu an gyara. Ba ta kalle shi ba, Baba Khalidu take kallo.

"Na hidda shi," in ji Baba Khalidu.

"Ka fid da shi."

Sai ta yi masa godiya, godiya sosai, ta ce Allah ya saka masa da alheri, ya sha wahala. Da ta zage shi da ya fi mini sauƙi, wallahi. Ta koma madafa ta saki labule.

Tun daga ƙofar gidan Baba Khalidu ya karɓe gitar daga hannun Hamadi. Ya zazzage kwandon shara a tsakiyar shago yana neman wayar birkin, amma 'Yargata ta riga ta zubar, awaki da iska sun yi nasu. Ya je wurin mai gyaran keke ya zaro wata ya ɗaura. Ya sa bakin wuƙa ya ɗago mataki na bakwai. Ƙuda ya dawo, ya aika aka kira Hamadi, aka sake shimfiɗa tabarma, Fadimata ta shiga madafa. Ta fito ta ce wannan ya yi kauri. Ya koma ya rage, ta ce wannan kuma ƙara ne kawai. Ai kan ƙarfen da ke taɓa wayar shi ne ya goge, ya hure da bakinsa. Ya ciro mataki daga wata matacciyar gita ya dasa, ya sassauta sandar wuya, ya mayar da mazaunan jaki a karkace yadda yake zaton suke a da. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita abu, ga shi zaune yana neman yadda zai ɓata shi, kuma ɓatawar ma ta ƙi. Duk sanda Hamadi ya sauko daga hanya sai a gwada. Tun tana shiga madafa har ta koma saurare daga tsaye, don kada ta ba tsoho kunya.

Rannan ta ce ya isa. Ta ce tun tana iya tuno ainihin yadda yake, yanzu waɗannan da ake ta kaɗa mata sun fara rufe shi, in ta kwanta ba ta san wanne ne nasa ba. Ta roƙe shi don Allah ya bari. Wannan maganar ta fi ta farko dukansa, na gani da idona, don sai da ya dafa katanga.

Ba a daɗe ba danginta suka aiko mota daga Gougaram. Kayanta ba su da yawa: tabarmi, tukwane, akwati ɗaya, da takalmin nan. Baba Khalidu ya fito da gitar naɗe a bargonta, ya mayar da ita tas kamar ranar da ya gama gyaranta, ya miƙa mata ta tagar mota. Ta zare bargon ta rungume, ta tura masa gitar.

"Ka ba mai kiɗa, Malam Khalidu. Wannan mai kyau ne. Na Akoli ba mai kyau ba ne."

Motar ta tashi, ya tsaya a titi da jar gita tsirara a hannu har na je na kamo shi na zaunar.

Bai ba kowa ba. Masu kiɗan biki sun yi ta nema, ya ce ba ta sayarwa ba ce, ba ta aro ba ce. Ya sake ɗaura mata wayar birki, tana rataye a ƙusa, sama da teburinsa. Gidan bayanmu babu kowa, an cire ƙyauren. Har yanzu yana karɓar aiki, yana zagi, amma zagin ba ƙarfi, kuma tarin ya ƙaru. 'Yargata ta daina maganar Tawa.

In la'asar ta yi, aka fito masallaci, sai ya sauko da ita. Ya sa wuƙa ya ɗan taɓa matakin nan, ya danne wayar birki kusa da shi, ya kaɗa sau ɗaya. Ƙudan ya yi kuka. Sai ya juyo ya dube ni, domin ban da shi ni kaɗai na rage a layin nan cikin waɗanda suka ji na gaskiyar.

"Fatahu, haka yake?"

Shekara nawa na yi ina jin abin nan ta kan katanga, ina fifita gawayi, ina wanke kofuna. Na so in ce masa haka ne, ya huta, amma Baba Khalidu yana gane ƙarya tun kafin ta fito. Nakan ce masa ban sani ba, Baba, wallahi na manta. Sai ya gyaɗa kai, ya sake ɗaukar wuƙar.